Ɗaya Radiyal, Ɗaya Nailan

Malam Jaji na unguwar Bagadaza bai taɓa tuƙa tarakta ba, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a inda kunnensa zai ji. Shekara da shekaru ya yi a wani ofishin gona, shi ne mai riƙe da makullin rumfar da ake ajiye taraktoci. Da safe ya buɗe, da yamma ya rufe. To wannan buɗewa da rufewa ita ya mayar ilimi. In aka zauna hira a teburin shayin Zulkifilu, ko maganar ƙwallo ake yi sai ya lallaɓo ta ta dawo kan inji.

"Ni fa da na ji kukan tarakta daga nesa," in ji shi, "zan gaya maka ko direban ya karya kumallo."

Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, bai yi shawara da kowa ba ya je ya sayo wata 'yar ƙaramar tarakta ja, ta hannu. Injinta lafiya lau, garmarta na nan, sai dai tayoyin baya sun suɗe sumul kamar tafin hannu. Mai sayarwa ya so ya nuna masa yadda ake sa giya, Jaji ya ɗaga masa hannu ya ce ya adana bayaninsa ya kai wa ɗalibai.

Matarsa Delu sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana da gonar da ta gada wajen mahaifinta a bayan gari, ta hanyar Dukku, kuma gyaɗar da take nomawa a nan ita ce jarinta na shekara. Tun mahaifinta na da rai, Bappayo ke yi wa gonar huɗa da shanunsa biyu. Wannan Bappayo shi Jaji ya tare bayan sallar Juma'a, a tsakiyar jama'a, don a ji.

"Bappayo, bana ka hutar da tsofaffin nan naka. Kai su kasuwa a yi kilishi da su. Zamanin bin bayan sa ya wuce."

Bappayo dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya gyara zaman sandarsa a kafaɗa. "Inna Delu ta sani?"

"Ni na sani. Ya isa."

"To, jam," in ji Bappayo da Fulatanci, wato lafiya. Ya juya ya ba wasu ranar da ya saba ajiye wa Delu.

Labari ya riga Jaji isa gida. Ya tarar da Delu a tsakar gida, ludayi a hannu, fuska ba annuri.

"Malam, irina na ɓare, na tsince, yana cikin buhu. Ka san gonar nan jigawa ce, ba ta riƙe danshi. In ruwan shuka ya sauka aka rasa huɗa kafin ƙasa ta bushe, bana ba ni ba sana'a. Kuma abar nan taka ko takalmi ba ta da shi."

"Takalmi za ta samu wanda ba a taɓa gani ba a garin Gombe," in ji Jaji. "Ke dai ki tanadi buhunhuna. Kafin ki gama ɗaura ɗankwali na gama huɗa."

Washegari ya saɓa babbar riga ya nufi wajen 'yan taya. Ya faɗa shagon Sadisu, wani Bakatsine mai zaƙin baki, ya nemi tayoyin baya na ƙaramar tarakta. Sadisu ya gangaro da guda biyu ya jingina su a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, iri biyu ne. Wannan radiyal ce, mai waya a ciki. Gefenta laushi, tana bajewa a ƙasa ta kama ta sosai, ba ta danne gona, kuma ba ta sa inji shan mai. Amma in kututture ya soke ta a kuiɓi, ta gama yawo. Wannan kuwa nailan ce, gefenta tauri, ba ruwanta da kututture ko dutse. Sai dai a kwalta za ta girgiza maka hanji, kuma ta fi saurin suɗewa. Yaya gonar take?"

"Duk na san wannan tun kana tatata," in ji Jaji, alhali yanzu ya fara ji. Ya zagaya radiyal ya ƙwanƙwasa ta. Ya zagaya nailan ya shaƙi warinta. Zuciyarsa ta ce radiyal, ta tuna kututture. Ta ce nailan, ta tuna jigawa. Can sai fuskarsa ta washe.

"Gonar nan, gefen hagu yashi ne, gefen dama kututture. Ba ni ɗaya-ɗaya. Radiyal a hagu, nailan a dama. In ci amfanin kowace."

Sadisu ya ɗan sosa ƙeya. "Yallaɓai, in ka kai ƙarshen kunya ka juyo fa? Ai hagu ta koma dama."

"Wa ya ce maka juyowa zan yi? Ribas don ado aka sa shi?"

Sadisu ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya tuna cewa waɗannan biyun kowace marainiya ce, 'yar'uwarta ta daɗe da tafiya, sun shekara suna tare masa wuri a bayan shago. Ya rufe bakin, ya sake buɗe shi da wata magana daban.

"Wallahi Yallaɓai, irinku ne ya kamata a ce Turawa sun zo sun yi shawara da ku."

Ernest mai faci ne ya zo daga Herwagana da injin iskarsa a cikin Keke don ya ɗaura tayoyin a ƙofar gida. Ernest mutum ne mai son nishaɗi, abin da ya tsana a duniya shi ne ranar da ta wuce ba a yi dariya ba. Kafin ya gama ɗaura nailan a dama, rabin majalisar Zulkifilu ta taso da kofunanta.

Tayar tarakta tana da manyan haƙora masu zanen kan kibiya, kuma gaba suke kallo. Ernest ya ɗaga radiyal zai sa ta haka, Jaji ya daka masa tsawa.

"Juya ta! Ta kalli baya."

"Oga, baya kuma?"

"Ɗaya ta tafiya, ɗaya ta dawowa. Ba na gaya maka da ribas zan riƙa komowa ba?"

"Oga, tunda nake faci ban taɓa jin wannan ba."

"Yau ka ji. Kyauta ma."

Ernest ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya juya tayar yana murmushi har kunne. Da aka sauke jak, nailan ta tsaya ƙiƙam, radiyal kuwa ta ɗan baje daga ƙasa ta yi tumbi, kamar yadda kowace radiyal ke yi in iskarta ta yi daidai.

"Wannan tumbin fa?" in ji Jaji.

"Haka Allah ya yi ta, Oga. Tumbin ne aikinta."

"Ba a gidana ba. Sabuwar taya da teɓa? Ƙara mata iska."

Ernest ya ƙara. Jaji ya danna da yatsa ya ce a ƙara. Ernest ya sake ƙarawa, wannan karon ya miƙa hannu daga nesa, ya kau da fuska. Masu kofunan shayi suka ja da baya har gindin katanga. Sai da tayar ta yi tauri kamar dutsen niƙa, ta ɗara 'yar'uwarta tsawo, sannan Jaji ya gamsu. Tarakta ta karkace zuwa dama.

"Malam, ta fa ɗan kishingiɗa," in ji Zulkifilu.

"Ƙasaita ce. Ka taɓa ganin babba ya zauna a miƙe?"

Ba a jima ba aka wayi gari an sheƙa ruwa, ƙasa ta jiƙu sharkaf, gari ya ɗauki ƙamshin damina. Delu ta fito da buhun irinta tun da sassafe. Jaji kuwa ya bi gida-gida yana gayyata, ya ce duk mai son ganin noman zamani ya biyo shi, kallo kyauta ne. Ya sa farar babbar riga da sabon takalmi sau-ciki, ya kafa hula, ya hau kujerar tarakta yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya murɗa makulli, inji ya amsa. Ya lalubi giya, ya saki kuloci gaba ɗaya. Tarakta ta yi tsalle kamar an ɗana mata wuta, ta miƙa kai dama. A dama kuwa teburin Zulkifilu yake. Garma ta ƙwamushe igiyar rumfa, rumfa ta biyo, burodi ya watse a hanya, benci ya kifa da masu karin kumallo.

"Malam Jaji! Rumfata!"

"Wa ya ce ka kafa ta a hanyar ci gaba?" Jaji ya amsa ba tare da ya waiwayo ba, don bai san yadda ake tsayawa ba tukuna.

Haka aka fita daga Bagadaza, Jaji na murɗa sitiyari hagu da dukkan ƙarfinsa, tarakta na neman lambatun dama kamar ta ajiye wani abu a ciki, tamfol ɗin Zulkifilu na jan ƙasa a baya. Da aka hau kwalta sai tayoyin suka fara gardama. Nailan ta girgiza, radiyal mai taurin dutse ta yi tsalle. Hula ta tashi tun a kwanar farko. Wani ya yi masa sallama daga bakin titi, amsar ta fito gutsi-gutsi.

"Wa-a-a-lai-ku-mu..." Sauran ya maƙale a maƙogwaro.

"Baba, titin gadonka ne?" wani mai Keke ya ƙwala masa. "Ka zaɓi gefe ɗaya mana!"

"Ku-ku ne ba ku i-iya ba!"

Delu da maƙwabta suka wuce shi a Keke, har da Zulkifilu da ya rufe shayi ya biyo rumfarsa, da Ernest da ya ce ko za a kore shi daga sana'a ba zai rasa wannan kallo ba. Sun daɗe a gona suna jira kafin Jaji ya iso, rigarsa ta juya, idanunsa sun yi ja. A gonar da ke maƙwabtaka kuwa Bappayo ne ke huɗa da shanunsa, kunyoyi a jere, a miƙe sambal. Ya ɗaga hannu ya gaishe su, ya ci gaba da aikinsa.

Jaji ya tsaya a kan tarakta ya gyara murya. "Jama'a, ku dubi can, ku dubi nan. Can jiya ce, nan gobe."

Ya sauke garma ya taka totur. Ƙasa ta fara tsagewa, har wasu suka yi kabbara. Amma kunyar ba ta yi nisa ba ta fara lanƙwasa dama, ta yi ta lanƙwasa har ta koma kamar lauje.

"Malam, ina za ka?" Delu ta ɗaga murya.

"Sabon tsari ne! Maganin zaizayar ƙasa!"

Sabon tsarin ya tsallake iyaka ya faɗa gonar maƙwabci, ya bi ta kan kunyoyin da Bappayo ya gama tayarwa ya baje su. Shanu suka tsaya suna kallo, suna tuƙa. Jaji ya tuna dabararsa ta dawowa, ya danna ribas, ya manta bai ɗaga garma ba. Wani ƙarfe ya yi ƙara, tarakta ta ɗaga hanci sama ta dire. Ya maido giyar gaba a firgice, ya saki sitiyari don ya kama kujera. Tarakta ta samu abin da take nema tun daga gida. Ta shiga zagaye. Ta kewaye 'yan kallo, ta sake kewaye su, ta haƙa musu ganuwa suna tsakiya a cure, Ernest na durƙushe riƙe da ciki.

"Taka burki!" in ji Zulkifilu.

"Wanne ne a ciki?"

"Kai da ka shekara talatin da su!"

"Na ofis ba a nan yake ba!"

A kusurwar gonar akwai ɗan kwari inda ruwan jiya ya kwanta. Nan tarakta ta nufa, nan kuma ta tsaya. Radiyal da aka hana ta tumbinta, aka kuma juya mata haƙora, ta rasa abin kamawa, ta hau juyi a wuri ɗaya. Jaji ya ƙara wuta. Taɓo ya tashi sama ya sauko a kan kowa, ya fi yawa a kan mai farar riga. Ya sake ƙara wuta, tarakta ta nutse har ciki, inji ya yi tari ya mutu. Jaji ya diro da niyyar ya duba matsalar da idon gwani, ya nutse har gwiwa. Da ya zaro ƙafar dama, ta fito ba takalmi. Ya laluba, ya laluba, taɓo ya riƙe abinsa.

Dariya ta ɓarke har masu wucewa a hanya suka tsaya. Jaji ya buɗe baki zai ɗora laifin a kan iskar Ernest, sai idonsa ya sauka a kan Delu. Ita ba ta yi dariya ba. Tana zaune a kan buhun irinta, ta ɗebi ƙasar jigawa a hannu tana murzawa. Saman ƙasar har ya fara yin fari.

"Malam," ta ce a hankali, "rana tana yi."

Da zagi ta yi da ya samu amsa, don bai taɓa rasa amsar zagi ba. Wannan kuwa ba zagi ba ne. Ya dubi gonar da ya cukurkuɗa, ya dubi buhun da ta kwana biyu tana tsincewa da hannunta, tausayinta ya kama shi sosai. Ya ɗingisa ya tsallaka iyaka, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara.

"Bappayo, jam na?"

"Jam, Malam. Ya gobe?"

"Wace gobe?"

"Wadda ka hau."

Jaji ya matso kusa. "Ai ka san maganar rannan wasa ne."

"Ni na sani. Su ne ban sani ba ko sun sani." Ya nuna shanun da haɓa. "Maganar kilishi ta kai kunnensu."

"To a ba su haƙuri."

"Ga su nan. Ba su da nisa."

Jaji ya waiwaya, duk Bagadaza ta matso bakin iyaka ta kasa kunne. Ya sake waiwayawa, ya ga Delu. Ya matsa gaban babban san, wani fari mai dogon ƙaho, ya yi gyaran murya.

"A yi haƙuri," ya ce ciki-ciki.

San ya yi atishawa a rigarsa. Bappayo ya ce an karɓa.

"Amma da sharaɗi. Ranar Inna Delu na riga na bayar, sai dai in matsa mata yanzu don albarkacin mahaifinta, in dawo in gyara ɓarnar da ka yi a nan da yamma. Kuma gonar ka rikita ta, shanun ba za su gane layi ba. Sai da mai riƙe igiya a gaba."

"To a samo wani..."

"Duk nan wa ya fi ka sanin noman zamani?" in ji Zulkifilu, yana naɗe tamfol ɗinsa.

"A fara jawo taraktar tukuna," Jaji ya roƙa.

"Bar ta," in ji Delu, ta miƙe ta ɗaura zani. "Ba inda za ta. Gonata tukuna."

Jaji ya karɓi igiya, ya taka ƙasa, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, ya yi tsalle. Delu ta dube shi. Ta tuɓe silifanta, dama ita da ƙafa tsirara take shuka. Ta ɗauki na dama, wani shuɗi mai fure a kai, ta ajiye a gabansa.

"Saka, Malam. Hagu radiyal, dama nailan. Ka ci amfanin kowace."

Ernest ya kwanta a ƙasa gaba ɗaya.

Haka aka yi huɗar gonar Delu a bana. Malam Jaji a gaba, babbar riga a naɗe a ƙugu, sau-ciki a hagu, silifa mai fure a dama, diddige a waje. Ɗingishi na jan shi gefe, Bappayo na kira daga baya, "Miƙe, Malam, miƙe!" In bai miƙe ba, farin sa ya zungure shi da hanci ya maido shi kan layi. Delu na biye tana sara da diddige, tana jefa iri tana rufewa, matan unguwa suka ɗebi iri suka taya ta. Kafin danshi ya gudu, kunyoyi sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, buhu ya koma fanko. Can a kwari tarakta na kishingiɗe, wata balbela ta sauka a kan sitiyari.

A kunyar ƙarshe Delu ta miƙe ta share gumi, sai yanzu murmushi ya dawo mata.

"Malam," ta kira shi, yadda kowa zai ji, "kai da ka gwada duka, wacce ta fi kama ƙasa? Radiyal ko nailan?"

Jaji ya tsaya yana haki. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi taraktarsa, ya dubi na farin sa da suka shiga ƙasa suka fita tun safe ba su zame ba ko sau ɗaya.

"Kofato," ya ce. Ya gyara wuyan rigarsa mai taɓo, ya juyo ga jama'a. "Ai tun ina ofis nake gaya musu, ba wanda ya saurare ni."